Babur Ɗin Ranar Alhamis

SHAFI NA 14

Masu cika min waya da saƙo wai na bar Roser a kan hanya kwana uku, ga ta nan ta iso. Ke kuma da kika ce Ferran mijin kirki ne in daina sa masa ido, gyara zama.

* * *

Goma saura kwata na safiyar Alhamis Roser ta tsayar da mota a ƙofar rumfar Eudald, can saman garin Ripoll inda kwalta ta ƙare. Kafin ta fito sai da ta sake duba waya. Saƙon mijinta yana nan tun ƙarfe takwas: "Na iso asibiti, layi ya yi tsawo yau. Kar ki jira ni da abincin rana."

Kunya ta ɗan kama ta. Bawan Allah yana can asibitin garin Vic ana gasa masa wuya, ita kuma ta saci jiki ta hawo dutse sayen babur. Shekara uku ke nan ba a ambaci babur a teburinsu ba, tun ranar da aka sauko da Ferran daga rafi a ɗaure a kan allo, aka sa masa ƙarfe a wuya, likita ya ce faɗuwa ɗaya ta rage masa. Amma 'yarsu Bruna za ta cika sha takwas ranar Asabar, kuma yarinyar ubanta ta ɗauko sak, kullum tana kan na aro. Gara a saya mata mai lafiya, in ya so a san yadda za a faɗa wa Ferran daga baya.

Tsohon yana tsaye a bakin rumfa, ya dogara sanda.

"Na ce miki ƙarfe tara."

"Haba Baba Eudald, ko gaisuwa babu?"

"Mun gaisa jiya a waya. Kin zo da kayan aiki?"

Ta ɗaga masa tsohuwar jakarta ta goyo. Ya daɗe yana kallon jakar.

"Ashe tana nan."

"Me zai same ta? Ba ta ci ba ta sha."

Shekara goma sha ɗaya Roser ta yi tana goyon wannan jakar a bayan Ferran, a gasar hawa duwatsun rafi da babur. Ita ce mai jakarsa, wadda ke riga shi hawa kan dutse ta tsaya a sama ta miƙa hannu, in babur ya ƙi ƙarasawa ta cafke gabansa kafin ya juyo kan mai shi. Eudald kuwa alƙalin wasa ne, shekara arba'in yana tsaye a gefen rafi yana huda wa mahaya kati. Kowa ya san shi da rashin magana. Ko rami ka nufa ba zai ce maka uffan ba, sai ka faɗa ya huda maka biyar, makin faɗuwa.

Can sama cikin rafi wani inji yana ta 'yan tari, ya tashi ya lafa. A wannan kwarin ba mai ɗaga kai don wannan, da shi da ƙararrawar shanu duk ɗaya ne. Amma kunne ba ya yin ritaya.

"Wancan ya san hanya," in ji ta, "sai dai yana sakin kuloci a makare."

Eudald ya kalli takalminsa.

"Ga babur ɗin can."

Yana jingine a jikin tarin itace, sai sheƙi yake. Ta zagaya shi sau ɗaya ba ta taɓa ba, sannan ta ɗora bayan hannu a kan inji.

"Da sanyinsa. Ba ka ɗumama shi don ka rufe min kunne ba, na yaba maka."

"Na gode, ranki ya daɗe."

"Amma wa ya yi masa kwalliyar amarya? Robar hannu sabuwa, hannun kuloci sabo, sitika sabuwa."

"Mai shi."

"Wane ne mai shi?"

"Mutum ne."

"Na ɗauka akuya ce. Me ya sa yake sayarwa?"

"Ya sayi wani."

"Wane iri ne mahayin? Mai gasa ne ko mai yawon Lahadi?"

"'Yar nan, ki fara da ƙasan. Ki cire farantin da ke ƙarƙashin inji ki gani."

"Zan kai can."

"Ki fara da shi."

"Baba, ka taɓa ganin na zo na koya maka huda kati?"

Ya gyara tsayuwa a kan sandarsa. Wannan taurin kan nata ni ma yana ba ni haushi, amma haka Roser take. Irin wannan babur ba shi da kujera, ba shi da mita, ba ya faɗin shekarunsa sai an bi shi gaɓa gaɓa. Ita kuma tana da tsarinta tun tana budurwa, ba ta tsallake mataki ko gobara ake yi, balle yau da 'yarta ce za ta tsaya a kansa.

Ta zura igiyar kashe inji a tsintsiyar hannunta, ta ɗora maganaɗisun da ke bakin igiyar a mazauninsa, ta taka kik. Bugu biyu ya tashi. Ta sunkuya ta kasa kunne, ta murɗa totur kaɗan, ta saki. Sai ta fizge hannunta baya kamar wadda ta faɗi. Igiyar ta tsinko maganaɗisun, inji ya mutu ɗif, ko tari bai yi ba.

"Wannan dai yana aiki," ta ce. "In ta faɗi ba zai ci gaba da jan ta ba."

Ta ɗora shi a kan kututture, tayoyi biyu a sama. Ta kama ta gaba ta girgiza. Ta bi sandunan gargare ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasawa da sifana, uku suka amsa mata da muryar mura. Ta ja sarƙa ta duba haƙoran da take bi. Ta kama tayar baya ta ɗaga, ta ji ɗan motsi.

"Akwai wasa a nan."

"Kaɗan ne."

"Kaɗan ɗin ne ke karya ƙafa. Sai na cire tayar na ga ko boris ne ko ƙafar bayan ce gaba ɗaya."

"Roser, bar tayar nan."

"Me ake ɓoyewa a ciki?"

"Ba komai. Lokaci ne ke tafiya."

"Ina za ka? Shanu ne za su yi maka tara?"

Ta cire tayar ta jingine, ta jera noti da zobba a kan tsumma yadda suka fito. Ta kwance ƙarafan da ke riƙe shoka. Ta jawo wani tsohon kwano ta tsiyaye man giya a ciki, ta ɗaga shi ga haske ta ga ko ruwa ya shiga ya mai da shi kamar madara. Tsab yake. Duk wanda ke da wannan babur yana juye masa mai a kan kari, kuma yana son shi.

Eudald ya duba agogo. Ya shiga rumfa ya fito. Ya sake duba agogo.

"In kawo miki kofi?"

"In na gama."

A nan ne ta fara jin wani abu yana sosa mata rai. Ƙarfen jikin babur ɗin, inda takalmin mahayi ke goga, ya cinye fenti har ya yi santsi. Wannan ba abin mamaki ba ne. Sai dai na hagu ya fi na dama hawa sama da kamar yatsa uku. Matakin ƙafar hagu ma haƙoransa na waje ne suka cinye, na ciki suna nan da kaifinsu.

"Mai shi yana karkata gwiwar hagu ciki," ta ce a hankali.

"Mutane da yawa suna yi."

"Ba da yawa ba."

Ta goge lambar da ke wuyan babur ɗin da babban yatsa. Ƙirar shekara biyu da rabi ce. Ta sauke ajiyar zuciya, har ta yi wa kanta dariya a ciki. Na Ferran ita da kanta ta raka shi aka sa a motar wani Bafaranshe shekara uku da suka wuce. Wannan ba a ma ƙera shi ba a lokacin.

Ta kwanta a ƙasa, ta kwance noti huɗu, farantin ƙarfen ya sauko mata a ƙirji. Ya sha duka, duk ya lotsa. Tsakaninsa da inji akwai robar da ake sawa don dutse kar ya fasa ciki, kuma wani ya ƙara mata wata a sama, yankakkiya da wuƙa.

Ja ce.

Roser ta jawo ta, ta tashi zaune, ta goge laka da gefen rigarta. A jikin robar akwai zanen 'yan furanni farare, a gefe guda kuma rabin lamba, talatin da takwas.

Takalmin ruwanta ne. Ƙafar hagu. Wanda ya ɓace daga bakin ƙofa damunar bara, ta yi kwana biyu tana zagin karen maƙwabta, Ferran yana taya ta nema har ƙarƙashin mota.

Kuma ita ce ta koya masa wannan dabarar, tun ba su yi aure ba. Robar takalmin ruwa ta fi ta kanti shan duka.

Ta miƙe ta koma kan robar hannun da ta ce sabuwa ce. Siririyar wayar da aka ɗaure ta da ita an murɗe ta ta hagu, an lanƙwasa wutsiyar an cusa ciki. Ɗaurin bahago, irin na Ferran. Ya canja roba, ya canja sitika, ya goge kansa daga jikin babur ɗin iya iyawarsa, amma hannunsa bai san wani ɗaurin ba.

"Baba Eudald."

"Na'am."

"Na wane ne?"

"Ni ban ce komai ba."

"Na wane ne?"

"Na rantse masa a kan kabarin Dolors ba zan faɗa miki ba. Kin san matata, ba ta yafe ƙarya tana da rai, balle yanzu. Amma ban rantse ba zan sayar da babur ba."

Ta zauna a kan tayar da ta cire.

"Tun yaushe?"

Ya kau da kai.

"Na riga na gani da idona, rantsuwarka ba ta karye ba. Tun yaushe?"

"Shekara biyu da wata huɗu."

"Kowace Alhamis?"

"Ban da ranar da ƙanƙara ta rufe hanya."

"Gashin wuyan fa?"

"Sun sallame shi tun bayan wata takwas."

"Ƙarya ne! Yana dawo min da warin man zafi. Har matashin kai yana kamawa."

Eudald ya nuna taga da sanda. Kwalbar tana nan a kan dakalin, an sha rabinta.

"Kafin ya shiga mota yake shafawa."

Roser ta yi wata irin dariya marar daɗin ji. Kowace Laraba da yamma ita ke goge masa rigar zuwa asibiti. Ita ke yanka masa burodi ta goga tumatir, ta zuba man zaitun, ta naɗe a takarda, don kar ya ji yunwa a layi. Tana sauya tasha in aka nuno babur a talabijin. Ta hana Bruna shanya safar hannunta a tsakar gida don kar uban ya gani zuciyarsa ta karye. Shekara biyu suna tafiya da sanɗa a cikin gidansu saboda mutumin da ke can yana tsalle a kan duwatsu.

"Kai kuma ka zuba masa ido."

"Da ban ba shi rumfa ba, da wani wurin zai je inda ba wanda ya san shi."

"Ka ci abinci a gidana ranar Kirsimeti, Baba. Ka kalle ni ido cikin ido ka ce Allah ya ƙara masa sauƙi."

"Na ce. Kuma da gaske nake."

"Me ya sa yanzu? Me ya sa yau ka ga damar kirana?"

Tsohon ya sa hannu a aljihun kwat ɗinsa ya daɗe yana lalube. Ya fito da abu biyu ya miƙa mata.

"Ya ce in sayar wa baƙo, can nesa. Waɗannan kuma ya jefa a shara. Na tsince."

Tsohuwar robar hannun hagu ce da tsohon hannun kuloci.

An naɗe robar da salatif, zagaye kan zagaye, har ta yi kaurin taɓarya. Mutum ba ya yin haka sai in hannunsa ya daina rufewa. Ta juya ta. Inda ƙaramin yatsa da na kusa da shi ke kwanciya ko gogewa babu, wannan ta sani, tun bayan faɗuwar suka mutu. Ta ɗauki hannun kulocin. An gasa shi a wuta an lanƙwaso shi ciki sosai. Ferran da manuni yake jan kuloci tun yana ɗan shekara tara, kuma wurin manunin ya dushe, ya daɗe ba a taɓa shi ba. Santsin ya koma can gaba, wurin yatsan tsakiya.

Ta ƙirga a kan nata hannun. Uku sun tafi.

Sai abubuwa suka yi ta zuwa mata. Kofin da ya suɓuce masa a watan jiya ya ce zafi ne. Rigunan maɓalli da ya daina sawa sai ta ɓalla masa, ya ce ƙiba ya yi. Cokali da ya koma hannun dama, ya ce likita ne ya ce ya motsa shi. Da yadda ya daina kama hannunta in suna tafiya, ita kuma ta yi ta kwana da tunanin ko ya gaji da ita ne.

"Likita ya sani?"

"Ya je sau ɗaya da bazara. Sun ce ƙarfen ne ke danne jijiya. Sai an sake buɗewa, kuma ba su yi masa alkawarin komai ba."

"Ni ina nan ina goge riga."

"Shi ya sa ya sayi mai laushin kuloci. Ya ce kafin sanyi ya shigo hannun zai rufe, yana so ya gama abin da ya fara."

"Me ya fara?"

Can sama injin ya yi tari biyu, ya tashi, ya lafa.

Roser ta juya a hankali ta kalli bakin rafin.

Yana sakin kuloci a makare. Da bakinta ta faɗa.

"Shi ne?"

"Motarsa tana bayan rumbun ciyawa."

"Wa ke tsaya masa?"

"Ni ne. Duk shekara biyun nan ni ne."

"Kai ga ka a nan."

"Ƙugun nan ya hana ni hawa tun ƙarshen Agusta. Na gwada, 'yar nan. Sau biyu ya goyo ni a baya kamar buhun dankali, na isa can na kasa tsayawa a kan dutse."

"To wa ke tsaya masa yanzu?"

Eudald ya kalli bakin rafin.

"Baba Eudald, wa ke tsaya wa mijina?"

"Babu."

"Me ya fara da yake so ya gama?"

"Jiya ya ce min yau zai gwada Haƙorin Tsohuwa."

Wayyo Roser. Haƙorin Tsohuwa shi ne dutsen da ya ci wuyan Ferran, tsayinsa ya fi mutum biyu, ƙasansa duwatsun rafi ne zalla. Ranar faɗuwar Roser ce a sama. Yatsunta sun taɓa ƙarfen gaban babur ɗin, sun taɓa shi sosai, sannan ya zame. Shekara uku ba ta taɓa faɗa wa kowa cewa har yau tana jin sanyin ƙarfen nan a tafin hannunta ba.

"Me ya sa bai ce in zo ba?" ta ce da ƙyar. "Ko zagina ne ya yi, ya ce in zo."

"Ya ce ba zai sake tsayar da ke a kan dutsen nan ba. Ya ce laifin hanyar da ya bi ne, ba hannunki ba, kuma ba za ki yarda ba sai ya hau shi ba kowa a sama."

"Mahaukaci! Wa ya tambaye shi? Wa ya ce masa ina son hujja?"

Ta zaro waya ta danna sunansa. Wayar ta shiga. Tana ringi a kunnenta, sai kuma ta ji ta a wani wurin, kusa, cikin rumfa. Ta tura ƙofar. A bayan ƙyaure an rataye farar rigar da ta goge jiya, ko karin gugar bai ɓaci ba, da wandonsa na fita. Wayar tana haske a aljihu. Burodin yana kan benci a naɗe, bai ci ba.

Ta fito a guje.

"Ƙarfe nawa?"

"Sha ɗaya saura bakwai."

Ba sai an faɗa mata ba. Ferran ba ya taɓa Haƙorin Tsohuwa sai rana ta leƙo ta busar da fuskarsa, kuma a wannan watan sha ɗaya take leƙowa. Ita ce ta kafa masa dokar. A ƙafa minti arba'in ne zuwa can, ga mai ƙarfi. Mota ba ta wuce gadar itace. A babur minti takwas.

Ta juya ta kalli babur ɗin.

Yana kan kututture, ba tayar baya, shoka a kwance, cikinsa a buɗe, mansa a kwano. Abu ɗaya tak da zai iya hawa rafin nan a duk gonar, ta zauna ta yi awa guda tana warware shi a tsanake.

"Ka bar ni!" ta yi kansa. "Kana tsaye kana kallona ina kwance shi ɗaya bayan ɗaya, ka bar ni!"

"Na ce ki zo tara. Na ce ki fara da ƙasa. Na ce ki bar tayar."

"Ka ce, ka ce! Baki gare ka, Baba! Kalma uku ce, mijinki yana sama! Dolors ɗin za ta taso ta shaƙe ka ne?"

Hawaye ya gangaro masa. Shekara saba'in da shida, ban taɓa jin wanda ya ce ya ga hawayen Eudald ba, ko ranar jana'izar matarsa.

"Shekara arba'in ina kallon mutane suna nufar rami ina shiru," ya ce. "Ban san yadda ake buɗe baki ba, 'yar nan. Na ɗauka za ki gane da wuri."

Ba ta da lokacin tausayinsa. Ta durƙusa ta jawo tayar.

"Kira masu ceto. Ka ce su taho."

"In ce musu me? Ba abin da ya faru."

"Ka ce musu komai! Ka yi ƙarya sau ɗaya don Allah, ai ka iya!"

Ya juya yana jan ƙafa zuwa wayar gida.

"Man fa?" ya waiwayo.

"Bar mai! Ko a bushe zai kai ni."

Ta cusa ƙarfen shoka, ramin ya ƙi haɗuwa. Ta ɗaga ƙafar bayan da gwiwa, ta buga da tafin hannu, ya shiga. Noti ɗaya. Na biyu ya hau a karkace, ta warware ta sake. Hannuwan da suka taɓa canja taya a tsakiyar ruwa cikin minti huɗu, yau sun zama na wata. Ta ɗaga tayar ta saita, ta ɗora sarƙa, ta kai hannu kan tsumma ta ɗauko zoben da ke shiga tsakanin taya da ƙarfe. Ya suɓuce. Ta bi shi da ido yana gangarawa, ya yi tsalle a kan dutse, ya shige ƙarƙashin tarin itace.

"A'a. A'a, don Allah."

Ta kwanta rub da ciki ta zura hannu har kafaɗa. Ƙasa, ɓawon itace, kashin ɓera. Ta fara watsar da itacen da hannu biyu.

Sai hasken rana ya sauko kan bangon rafin, ya fara daga sama yana gangarowa.

Injin ya yi shiru na ɗan lokaci, irin shirun mai tsayawa yana kallon dutse. Roser ta daina motsi, guntun itace a hannunta. Eudald ya fito bakin ƙofa.

Totur ɗaya.

Biyu.

Uku.

Alamarsu ce. Shekara goma sha ɗaya, in ya shirya sai ya murɗa sau uku ya dakata, ita kuma daga sama ta ce masa "Taho!" Yanzu ma ya dakata. Daidai tsawon da yakan bar mata.

"Ferran!" ta ƙwalla da duk abin da ke ƙirjinta. "Tsaya! Ga ni nan! Ferran, tsaya!"

Muryar ko gadar itace ba ta kai ba. Wata saniya ta ɗaga kai ta kalle ta, ta ci gaba da kiwo.

Injin ya ɗauki kuka, ya hau, ya hau, har ya kai inda ake sakin kuloci.

Ya wuce wurin da ɗan kaɗan.

Sannan ya saki.

Roser ta tsinci hannunta na dama a sama, a buɗe, yana jiran ƙarfe.

Ɗif.

Ba lafawar wanda ya isa sama ya sassauta ba ce. Yadda ya mutu mata ɗazu ne a tsakar gidan nan, lokacin da ta fizge igiya.

"Wataƙila hannunsa ne ya zame kawai," in ji Eudald. "Igiyar tana fita ko da..."

"Yi shiru. Ina ƙirga."

Duk mai jaka yana ƙirgawa. Mahayi in ya faɗi lafiya sai ya tashi, ya yi zagi, ya ɗaga babur, ya mayar da maganaɗisu, ya taka. Ferran mai zuciya ne, bai taɓa wuce talatin ba injinsa bai tashi ba. Sau ɗaya ne kawai ya wuce.

"Goma sha biyu. Goma sha uku."

Eudald ya kai hannu zai cire hularsa.

"Mayar da hularka! Ashirin. Ashirin da ɗaya."

Ƙararrawar shanu. Ruwan rafi. A cikin rumfa wayar Ferran ta yi ƙara sau ɗaya, saƙo ya shigo.

"Ashirin da takwas. Tashi mana. Ashirin da tara. Ferran, ka tashi ka zage ni."

Ta runtse ido.

"Talatin."

Ta ja numfashi, ta kasa kunne har jijiyar wuyanta ta miƙe.

"Talatin da ɗaya."